Daga ɓawon kawa zuwa sikwid na roba: tarihin koton bogi a tsakiyar teku

A watan Nuwamba na 1954 wani matuƙin jirgin kamun kifi mai suna George Parker ya shigo gaɓar tsibirin Oahu na Hawayi da kifin malin mai nauyin kilo 454. Malin shi ne ƙaton kifin nan mai dogon baki kamar mashi, wanda masu fatsar teku ke ɗauka a matsayin sarkin abin farauta. Girman kifin ya ja hankali, amma abin da ya fi tsaya wa masunta a rai shi ne koton da ya haɗiya. Ba kifi ba ne, ba nama ba. Guntun bututun ƙarfe ne mai ƙyalli, irin wanda ake rataya tawul a banɗaki, Parker ya yanke shi, ya ɗaura masa yagaggiyar roba a gindi, ya sa ƙugiya, ya ja shi a bayan jirgi.

Dabarar kuwa ta girmi Parker da ɗaruruwan shekaru. Mutanen tsibiran Folinishiya, daga Tahiti da Samowa har Hawayi, sun daɗe suna feƙe ɓawon kawar lu'ulu'u ya yi siffar ɗan ƙaramin kifi. Sai su ɗaura masa tsinin ƙashi ko na ƙoƙon kunkuru, su ƙara masa tukun gashi a wutsiya, su ja shi da sandar gora a bayan kwale-kwale cikin garken ƙananan tuna da Hawayawa ke kira aku. Tsinin ba shi da ƙaya mai riƙewa, don haka da an fizgo kifi cikin kwale-kwale yake suɓucewa, a sake jefawa nan take kafin garken ya nutse. Gwanin masunci yakan tara ɓawo kala-kala, wani mai haske, wani mai duhu, ya zaɓi wanda ya dace da hasken rana da launin ruwa. Turawan da suka biyo Kyaftin Cook, wanda ya isa Hawayi a 1778, sun kwashi irin waɗannan ƙugiyoyi, har yau suna nan a gidajen tarihi na Turai.

Su kuwa attajiran Amurka da suka mayar da kamun manyan kifaye wasa, da mataccen kifi suka fara. A tsibirin Catalina na Kalifoniya, inda aka kafa ƙungiyar masu kamun tuna a 1898, kifi mai fiffike ake ɗinkewa a jikin ƙugiya a ja. Aiki ne mai cin rai: sai an nemo koton, an adana shi kada ya ruɓe, sannan a tuƙa jirgi a hankali don kada ruwa ya yayyage shi. A shekarun 1920 marubucin nan Zane Grey ya yi suna wajen jan wasu guntayen katako marasa ƙugiya kusa da jirgi, suna tsalle suna fantsama ruwa, don kawai su taso da kifi daga ƙasa. Wannan shi ne kakan abin da za mu kira ɗan tsokana.

Garin Kona da ke babban tsibirin Hawayi shi ne ya sauya lissafin. Wurin yana da baiwa biyu: teku tana yin zurfi sosai daf da gaɓa, sannan manyan duwatsun Mauna Loa da Hualalai suna tare iska, ruwan ya kwanta lumui. A nan ne Henry Chee, matuƙin jirgin Malia, ya fara zuba narkakken ƙaron roba a cikin kofin gilashi, ya saka guntun ɓawon kawa da dalma a tsakiya, ya bari ya daskare. Sai ya datse fuskar a karkace, ya ɗaura masa gezar roba. Wannan karkacewa ita ce sirrin. Idan jirgi na gudu, koton yakan leƙo sama ya kwaso iska, ya nutse yana barin dogon layin kumfa, ya sake leƙowa. Gezar da ke rawa a baya kuwa ta yi kama da hannayen sikwid, dabbar tekun nan mai laushin jiki da hannaye goma, wadda tuna da malin ke ci ba dare ba rana.

Ribar a fili take. Koton roba ba ya ruɓewa, kuma yana jure gudun kilomita 13 zuwa 17 a awa, don haka jirgi yakan share faɗin ruwan da mai jan mataccen kifi ba zai taɓa kaiwa ba a yini guda. Da aka fara gasar kamun malin ta ƙasa da ƙasa a Kona a 1959, baƙi suka riƙa komawa gida da koton garin a jaka. A 1982 Jay de Beaubien ya kama malin mai kilo 624 a ruwan Kona da koton bogi, a 1992 kuma Paulo Amorim ya kama mai kilo 636 a kusa da Vitória ta Barazil. Ƙungiyar IGFA, wadda ke ajiye bajintar masu fatsa tun 1939, ta rubuta duka biyun.

A Japan ma ba a zauna ba. Kamfanin Yamashita ya yi fice wajen ƙera gezar roba mai laushi mai siffar sikwid sak, har da idanu, kuma da arha, ta yadda masu kamun tuna na kasuwa suka rungume ta kafin 'yan wasa. Da abin ya wadata, sai masunta suka daina jan guda ɗaya. Wasu suka jera sikwid huɗu ko biyar a zare ɗaya. Wasu, musamman masu bin manyan tuna a gabashin Amurka, suka rataya fiye da goma a jikin sandar ƙarfe, su zama kamar garke mai gudun tsira. Na ƙarshe kaɗai, wanda aka bari a baya kamar gajiyayye, shi ke ɗauke da ƙugiya, domin mafarauci raggon garke yake nema. Wani lokacin ma babu ƙugiya ko ɗaya: in malin ya taso a fusace, sai a janye ɗan tsokanar da sauri, a jefa masa koton gaske.

A ganina, 'yan kasuwar kayan fatsa sun cika zuzuta kamanni. Kowace shekara ana fito da sikwid mai sabon launi, mai walƙiya, mai ƙamshi, kuma da yawansu masunci suke kamawa, ba kifi ba. Bututun tawul na Parker bai yi kama da kowace halitta ba, amma ya yi motsin abin da ke gudu, kifin kilo 454 kuwa ya haɗiye shi.

Yau akasarin malin da ake kamawa a gasa sakin su ake yi, kuma hakan ya ƙara wa koton roba daraja, don yawanci a baki yake kama kifi, ba a ciki ba. Tun daga 2008 dokar Amurka ta wajabta wa masu gasar malin a Tekun Atilantika sa ƙugiya mai lanƙwasar da'ira in za su yi amfani da koton gaske, amma ta bar mai koton roba zalla da ƙugiyarsa ta da.