RAID: Yadda ake haɗa fayafayan ajiya domin kada bayanai su salwanta

RAID tsari ne na haɗa fayafayan ajiyar bayanai guda biyu ko fiye a cikin babbar kwamfutar ma'aikata, wadda ake kira saba, su yi aiki tamkar faifai ɗaya. Manufar ita ce idan ɗaya daga cikinsu ya lalace, aiki ya ci gaba ba tare da an rasa komai ba. Sunan ya fito ne daga takardar da masana uku na Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley a Amurka, wato David Patterson da Garth Gibson da Randy Katz, suka gabatar a 1988, inda suka nuna cewa tarin ƙananan fayafayai masu rahusa zai iya fin babban faifai ɗaya mai tsada sauri da aminci.

Batun ya shafi Minna kai tsaye. A nan ne hedikwatar Hukumar Shirya Jarrabawa ta Ƙasa, NECO, wadda aka kafa a 1999, take, haka nan Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ta fara aiki a 1983. Sakamakon jarrabawa da rajistar ɗalibai ba kaya ba ne da za a sake sayowa a kasuwa idan sun ɓace.

Tsarin hawa-hawa ne. RAID 0 yana rarraba bayanai a kan fayafayai domin sauri kawai, ba shi da wata kariya: ɗaya ya mutu, duka sun tafi. RAID 1 yana rubuta abu ɗaya a kan faifai biyu, kowane kwafin ɗan uwansa, don haka rabin wurin ajiya kaɗai ake mora. RAID 10, mai buƙatar aƙalla faifai huɗu, ya haɗa waɗannan dabaru biyu, kuma ana yawan zaɓarsa ga rumbun bayanan da ake yi wa rubutu ba dare ba rana.

RAID 5 ya fi buƙatar bayani. Yana aiki da aƙalla faifai uku, yana kuma ajiye wani lissafin cike giɓi da ake warwatsawa a kan dukkansu. A misali mai sauƙi, idan faifan farko na ɗauke da 7, na biyu da 5, sai a rubuta 12 a na uku. Na biyu ya lalace, a cire 7 daga 12 a dawo da 5. Kwamfuta ba tarawa take yi ba, lissafin XOR take amfani da shi, amma hikimar ɗaya ce. Faifai huɗu masu terabait 4 kowanne za su ba da terabait 12 a wannan tsari, su ba da 8 a RAID 6, wanda ke ajiye lissafi biyu kuma yake jure mutuwar faifai biyu a lokaci guda.

Haɗarin RAID 5 yana cikin lokacin gyara. Da an sauya faifan da ya mutu, dole na'ura ta karanta sauran tun daga farko har ƙarshe domin ta sake gina abin da ya ɓace, aikin da kan ci sa'o'i masu yawa, wani lokaci kwanaki, idan fayafayan manya ne. Galibi kuma tare aka sayo su, tare suka tsufa. Na biyu ya gaza a wannan tsakani, shi ke nan. Wannan ya sa masu kula da sabobi suka fi karkata ga RAID 6 a manyan fayafayai, suna kuma ajiye faifan ko-ta-kwana a jone, wanda zai karɓi aiki nan take.

Ana iya tafiyar da tsarin ta katin musamman da ke cikin saba, ko ta manhaja irin mdadm a Linux. Kowanne aka zaɓa, wutar lantarki ce abin lura. Jihar Neja ce ke da madatsun Kainji da Shiroro da Zungeru, amma hakan bai hana ɗaukewar wuta ba. Idan wuta ta yanke ana tsakiyar rubutu, bayanai da lissafinsu na iya saɓawa, kuma ba za a gane ba sai ranar gyara. Maganinsa shi ne kati mai baturi da na'urar UPS da za ta riƙe saba kafin janareta ya tashi. Zafin watannin Maris da Afrilu da ƙurar hunturu su ma suna rage wa faifai kwana idan ɗakin ba shi da na'urar sanyaya iska.

RAID ba ya maye gurbin kwafin ajiya. Fayil ɗin da ma'aikaci ya goge bisa kuskure, ko wanda masu kutse suka kulle domin neman fansa, haka zai kasance a kan dukkan fayafayan, kuma gobara ba ta barin ko ɗaya. Ƙa'idar da aka saba bi ita ce kwafi uku, a kan nau'in ma'ajiya biyu, ɗaya a wani gini ko wani gari. Dokar Kare Bayanai ta Nijeriya ta 2023 ta ɗora wa duk mai riƙe da bayanan jama'a alhakin kare su daga ɓacewa ko lalacewa.