Daga Tukunya Zuwa Madubi: Tarihin Kalmomin Gauraye a Turanci

Idan Bature ya ga taron abubuwa iri-iri, kowane da launinsa, yana da kalmomi da dama da zai kira shi da su. Sai dai ba dukansu ne yabo ba: wata kan ɗaga abin, wata kan zubar da darajarsa. Mu da muke zaune a ƙasashen da ake aikin hukuma da Turanci, ya kyautu mu san asalinsu, domin da irinsu ake siffanta unguwanninmu a jaridu da littattafai.

Mafi yawansu daga madafa suka fito. Ɗauki “hodgepodge”, wadda ake kuma cewa “hotchpotch”. Asalinta tsohon Faransanci ne, harshen da ya mamaye fada da kotunan Ingila bayan Normawa sun ci ƙasar a 1066. Kalmomi biyu aka haɗa, girgiza da tukunya, ana nufin nama da ganye da aka zuba wuri guda aka dafa, wato dafa-duka. Abin mamaki, kafin ta zama kalmar raini sai da ta zauna a kotu. A tsohuwar dokar gado ta Ingila, ’yar da mahaifinta ya ba ta fili lokacin aurenta, in tana son kaso tare da ’yan’uwanta mata, dole ta maido filin cikin dukiyar, a haɗa, sannan a raba daidai. Alƙali Thomas Littleton ya yi bayanin wannan hukunci a ƙarni na 15, kuma har yau lauyoyi na kiransa “hotchpot”. Kalmar da yanzu ke nufin tarkace ta taɓa zama sunan adalci.

Ita kuwa “potpourri” akasin wannan hanya ta bi. Faransawa ne suka fassaro ta daga sunan wata miyar Sifaniyawa, ma’anarta ruɓaɓɓiyar tukunya, kuma tana cikin ƙamus ɗin da Randle Cotgrave ya wallafa a 1611. Daga baya ta koma sunan busassun furanni da kayan ƙamshi da ake zubawa a kwano don ɗaki ya yi ƙamshi, sannan ta koma jerin waƙoƙi da aka ɗinke wuri guda. Ta fara da ruɓa, ta ƙare da turare. Ta uku, “farrago”, ba ta yi wannan sa’a ba. A Latin sunan gaurayen hatsi ne da ake ba dabbobi, kusan abin da muke kira hatsin bara, kuma har gobe in aka kira zancen mutum da ita, an ce masa ya tara ƙarya da shirme.

Wasu kalmomin daga tufafi suka zo. A ƙarni na 14, “motley” yadi ne mai launi-launi. Da tafiya ta yi nisa sai ta zama sunan rigar wawan sarki, mai ɓari ja ɓari kore, har Shakespeare ya ambace ta da wannan ma’ana a wasanninsa. Shi ya sa in aka siffanta taron mutane da ita, akwai ba’a a ciki, kamar a ce haɗin gambiza. “Medley” kuwa da farko cakuɗewar mayaƙa take nufi a fagen fama, sannan yadin ulu mai gaurayen launi. Yau ta huce, ta zama sunan jerin waƙoƙi da gasar ninkaya mai salo huɗu.

Wadda ta sha bamban da duk waɗannan ita ce “kaleidoscope”, domin an san wanda ya ƙirƙire ta da lokacin da ya yi. David Brewster, masanin haske daga Sikotlan, ya haɗa wata na’ura a 1816, ya yi mata rajistar mallaka a 1817. Bututu ne da madubai a ciki, an jingina su a karkace, a ƙarshensa kuma gutsattsarin gilashi masu launi. Ka leƙa, ka ga zane mai tsari. Ka juya, ya watse, wani ya fito. Sunan daga Girkanci ya haɗo shi: kyau, siffa, da dubawa. Masu sana’a sun kwaikwayi na’urar tun kafin ya ci moriyarta, har aka ƙiyasta an sayar da kusan 200,000 a Landan da Faris cikin wata 3. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Amma kalmar ta zauna, ta zama sunan duk wani abu mai launuka da yake sauyawa ba tare da ya rasa tsari ba.

Lura da bambancin. A tukunya, kowane abu kan saki ɗanɗanonsa har a kasa gane shi. A madubin Brewster, kowane ƙwayar gilashi na nan da launinsa, zaman da suka yi da juna ne kawai ke canjawa. Wannan bambanci ya zama siyasa da aka fara auna mutane da shi. A 1908 Israel Zangwill ya fito da wasan kwaikwayonsa “The Melting Pot”, wanda ya kwatanta Amurka da tukunyar maƙera, inda baƙi za su narke su zama abu ɗaya. A 1938 John Murray Gibbon ya wallafa “Canadian Mosaic”, yana kwatanta Kanada da daɓen da aka yi wa ado da duwatsu kala-kala, kowane a gurbinsa. Desmond Tutu kuma ya kira Afirka ta Kudu al’ummar bakan gizo.

Mazauna zango sun san nauyin wannan magana. Bayan yaƙin basasar Salaga na 1892, fataken goro suka watsu zuwa garuruwan kudu, zangonni suka cika da Hausawa, Dagomba, Mosi, Zabarmawa, Fulani da Yarbawa, Hausa ta zama harshen kasuwa a tsakaninsu. Daga irin wannan zama ne wake da shinkafa ya zama “waakye”, abincin da duk Gana ke alfahari da shi. Amma a 1969 gwamnatin Busia ta ba da umarnin korar baƙin da ba su da takardu, iyalai da yawa suka bar gidajen da aka haifi ’ya’yansu a ciki. Gaurayen da aka ci moriyarsa a kasuwa, ranar nan tarkace aka ɗauke shi.

Don haka in ka ci karo da ɗaya daga cikin kalmomin nan an liƙa wa unguwarku, tambayi daga inda ta fito: tukunya, rigar wawa, ko madubi? Kuma kada ka manta, kusan dukansu aro Turanci ya yi, daga Faransanci, Latin da Girkanci. Harshen da ke kiran wasu hatsin bara, shi ma da bara ya cika rumbunsa.