Jakadan Fotugal da Ya Zo Benin a Zamanin Rumfa

Tambayarmu ta wannan mako ta fito ne daga wani mai sauraronmu a Titin Ibrahim Taiwo, Fagge, Kano. Ya ce gardama ta sarƙe a majalisarsu: wai shin Ingilishi ne Turawan da suka fara turo jakada ƙasar nan?

To Malam, ba su ba ne. Mutanen Fotugal sun riga su nesa ba kusa ba. Wajen 1486, lokacin Muhammadu Rumfa na sarautar Kano, wani bafaden Sarki João na Biyu mai suna João Afonso de Aveiro ya isa birnin Benin ta teku. Kafin nan yana cikin jagororin jiragen da suka je gina sansanin Elmina a 1482, a ƙasar Ghana ta yau.

Me ya kawo shi? Ciniki. Zinariya da kayan yaji na isa Turai ne ta hannun fataken Musulmi, su kuwa mutanen Fotugal so suke su zagaye ta ruwa su saya da kansu. Aveiro bai zo da rundunar yaƙi ba, izini ya nema. Oba Ozolua ya yarda suka buɗe gidan ciniki a Ughoton, tashar jiragen Benin, kuma ya aika sarkin garin Lisbon a matsayin nasa jakadan. Ka ga ke nan sarki da sarki ne ke magana, ba ubangida da bara ba.

Abin da Aveiro ya aika gida kuwa ka san shi sarai: masoro ne, irin wanda ake aunawa a Kasuwar Sabon Gari. Amma cinikin bai tsaya nan ba, don sun riƙa sayen bayi suna kai su Elmina a musanya da zinariya.

An kuma kai wa João labarin wani babban sarki a can cikin ƙasa mai suna Ogane, wanda masana da dama ke ganin Ooni na Ife ne. João ya zaci sarkin Kirista ne da Turawa suka daɗe suna nema, abin da ya ƙara masa ƙaimi ya tura Bartolomeu Dias ya zagaya Afirka a 1487.

Aveiro dai a can Benin ya rasu, bai taɓa ganin ƙasar Hausa ba. Harkar Kano a lokacin ta Sahara take bi, da ayarin raƙuma irin waɗanda suka riƙa yada zango a Fagge. Sai a 1824 Clapperton, wakilin gwamnatin Ingila, ya shigo Kano, shi ma ta hamadar ya biyo.

Da fatan an gamsu.