Kanal Klobb, hafsan da sojan ƙasarsu suka harbe a Dankori

Laftanar-Kanal Arsène Klobb hafsan sojan Faransa ne da aka harbe a Dankori, cikin ƙasar Tasawa, ranar 14 ga Yulin 1899, wato ranar bikin ƙasa na Faransa. Wanda ya ba da umarnin harbin hafsa ne ɗan ƙasarsu, Kyaftin Paul Voulet. Zancen ya sake tasowa a shekarun nan, tun bayan fim ɗin African Apocalypse na 2020, da kuma kiran da jikokin waɗanda rundunar Voulet ta yi wa kisan gilla ke yi na Faransa ta amsa laifinta.

An haifi Klobb a 1857 a garin Ribeauvillé na yankin Alzas. Hafsan igwa ne, ya yi shekaru yana aiki a Sudan ta Faransa, wato Mali ta yau, har aka ba shi riƙon Tumbuktu, inda ya yi ta kai wa Abzinawa yaƙi. A can ne Voulet ya yada zango wajensa a ƙarshen 1898, kan hanyarsa ta zuwa Tafkin Chadi. Klobb ya ƙara masa sojan ƙasa 70 da mahaya 20. Masu yabon Klobb ba su cika son tsayawa a wannan gaɓa ba.

Abin da rundunar Voulet da abokinsa Julien Chanoine ta aikata sananne ne: Sansane Hausa a watan Janairu, Lugu a Afrilu inda Sarauniya Mangu ta ja daga, sai Birnin Ƙonni a Mayu. Wani Laftanar Péteau da aka kora daga tafiyar ne ya fasa ƙwai cikin wasiƙar da ya aika wa budurwarsa, labari ya kai kunnen gwamnati. Ranar 20 ga Afrilu ministan ƙasashen mulkin mallaka, Antoine Guillain, ya ba da umarnin a bi sawu a bincika. Ana iya cewa tausayin talakawa ne ya motsa Paris, amma akwai wani abu a gefe: yarjejeniyar Yunin 1898 ta bar wa Ingila duk ƙasar da ke cikin mil 100 daga Sakkwato, Voulet kuwa ya kutsa cikinta da wuta.

Klobb aka ɗora wa wannan aiki, ya taso da Laftanar Octave Meynier da soja da ba su wuce hamsin ba, suka yi tafiyar sama da kilomita 2,000. Bai buƙaci ɗan jagora ba. Daga kufai sai kufai, rumbuna sun zama toka, rijiyoyi cike da gawawwaki. A Koran Kalgo ya tarar da yara mata an rataye su a rassan itatuwa. Ya rubuta abin da ya gani a littafinsa na tafiya, wanda aka buga a Faransa a 1905.

Da suka kusanci juna sai Voulet ya aiko masa da takarda cewa yana da bindiga 600, kuma in ya matso zai ɗauke shi abokin gaba. Klobb bai juya ba. Da safiyar 14 ga wata ya hau doki sanye da kakinsa da lambar girmansa a ƙirji, ya gargaɗi mutanensa kada wanda ya kuskura ya rama harbi. An fara harba bindiga sama don tsoratarwa, ya ci gaba da tahowa, sannan aka saita. Meynier ya faɗi da rauni a ƙafa, Klobb ya mutu nan take. Ko jarumta ce ko ganganci, a bayyane yake cewa ya dogara da girman muƙaminsa, yana ganin babu Bafaranshen da zai ɗaga wa na gaba da shi bindiga. Da maraicen ranar, in ji sauran hafsoshin, Voulet ya ciccire anininsa, ya ce shi ya bar zama Bafaranshe, daula zai kafa tasa ta kansa.

Daga nan ne riwaya ta rabu biyu. Ta hukuma ta ce sojojin Afirka da ke rundunar sun yi bore, suka harbe Chanoine ranar 16 ga Yuli, Voulet kuma washegari, aka binne su a Maijirgi. Sai dai a 1923 wani jami'in mulkin mallaka a Tasawa, Robert Delavignette, ya sa aka tone kaburburan biyu, aka tarar babu kowa ciki. Wannan ya ba masu cewa an bar su sun sulale cikin hamada abin kafa hujja. Kabari wayam bai isa shaidar cewa mutum na raye ba, kuma mutuwar tasu ta fi kama hankali. Abin da ya fi cancantar tuhuma shi ne yadda aka tsara labarin. Kusan duk abin da aka sani ya fito ne daga bakin hafsoshin da suka rage, irin su Pallier da Joalland, waɗanda suka yi wata da watanni cikin rundunar ana ƙone garuruwa a gabansu. Jibge laifi duka kan matattu biyu ya yi musu daidai.

Haka ita ma gwamnati. Chanoine ɗan janar ne da ya riƙe ma'aikatar yaƙi a 1898. Aka rufe bincike a 1902, aka ce zafin ranar Afirka ne ya taɓa ƙwaƙwalwar mutanen biyu. Wannan bayani ba ya shiga, domin rundunar ba ta watse ba. Kafin watan Yuli ya ƙare ta ci Damagaram, daga baya aka kashe sarkinta Amadu Kuran Daga, Joalland da Meynier suka zarce Chadi, aka kashe Rabe, mai mulkin Borno a lokacin, a Kusiri ranar 22 ga Afrilun 1900. Kusan duk ƙasar da Voulet ya bi ta kanta ta ƙare a hannun Faransa, ta riƙe ta har 1960.

Klobb ya ƙi zubar da jinin soja ƴan'uwansa, ya kuma bar shaida a rubuce kan ta'asar da ya gani. Aikin da aka aiko shi ya yi kuwa shi ne ya karɓi ragamar rundunar ya kai ta Chadi, ba ya mayar da ita gida ba.