Zuriyar Fodiyo: Yadda Gida Ɗaya Ya Yi Rassa Daga Sifawa Da Boɗinga

Matafiyin da ya bar Sakkwato ya nufi Jega yakan ratsa ƙasar Boɗinga, ya wuce Shagari da Tambuwal, galibi ba tare da ya waiwayi Sifawa ba. Alhali a wannan yanki, mai ƙauyuka irin su Mandera, aka yi rabon da har gobe shi ke nuna gidajen da ke iya neman sarautar Sarkin Musulmi. Wajen 1810 Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya baro Gwandu ya zauna a Sifawa, ƙanensa Malam Abdullahi ya sauka kusa da shi a Boɗinga, ɗansa Muhammadu Bello kuwa yana can yana gina Sakkwato.

Asalin gidan dai ba nan yake ba. Toronkawa ne, Fulanin da kakansu Musa Jokollo ya jagoranto daga Futa Toro, a ƙasar Sanigal ta yau, suka sauka a wajajen Birnin Ƙonni tun kusan ƙarni na 15. Tsakanin Musa da Shehu akwai kakanni wajen goma, cikinsu har da Muhammadu Gurɗo da Haruna da Salihu da Usmanu, sai Muhammadu Fodiyo, mahaifin Shehu. An haifi Shehu a Maratta a 1754, ya tashi a Ɗagel, ya yi hijira zuwa Gudu a 1804, Alƙalawa ta faɗi a 1808. Wannan kowane ɗan makaranta ya haddace shi.

Abin da ba a cika faɗa ba shi ne yadda sunayen nan suka iso gare mu. Ba maroƙa kaɗai suka riƙe su ba, alƙalami ya riƙe su. A 1812, cikin shekarun zamansa na Boɗinga, Malam Abdullahi ya rubuta Ida'un Nusukh, inda ya jera nasabarsa har zuwa Musa Jokollo, sannan ya shiga lissafa malaman da ya yi karatu wurinsu da littafin da ya sauke a gaban kowanne. Mai karatu zai lura cewa jerin biyu sun sarƙe da juna, domin yawancin malaman gidan 'yan uwa ne na jini: Usmanu Binduri da Muhammadu Sambo da Muhammadu ɗan Raji duk iyaye ne ga Shehu, kuma malamansa ne. Malam Jibrilu ɗan Umaru, wanda Shehu ya bi har Agadas, yana cikin 'yan kaɗan na waje. Ke nan tun kafin gidan ya san sarauta, abin da ake gada a cikinsa karatu ne, kuma da shi Abdullahi ya fi tinƙaho.

A wannan shekara ta 1812 Bello ya kammala Infaƙul Maisur, kuma a wajen lokacin ne Shehu ya raba ragamar mulki: gabas ga Bello, yamma ga Abdullahi. Da Shehu ya koma Sakkwato a 1815 ya rasu a 1817, aka yi wa Bello mubaya'a. Abdullahi ya tare a Gwandu, zukata suka ɗan yi nisa, sai da Bello ya kai wa baffansa ɗauki a yaƙin Kalambaina aka ɗinke ɓarakar. Daga nan reshen Abdullahi ya kama hanyarsa: 'ya'yansa Muhammadu Wani da Halilu da Haliru suka yi sarautar Gwandu bi da bi, kuma zuriyarsa ce ke riƙe da ita har yau.

A Sakkwato kuwa, gida biyu suka yi ta karɓeɓeniya. Bello ya yi shekara 20, ya rasu a Wurno a 1837, ƙanensa Abubakar Atiku ya gaje shi. Bayansa Aliyu Babba ɗan Bello ya hau a 1842, Ahmadu ɗan Atiku ya karɓa a 1859. Sau ɗaya aka kauce a wancan ƙarni, lokacin da Ahmadu Rufa'i, ɗan Shehu na cikinsa, ya yi sarauta daga 1867 zuwa 1873; zuriyarsa na Silame. Attahiru na Ɗaya, wanda ya ƙi miƙa wuya ga Turawa har aka kashe shi a Burmi a 1903, jikan Atiku ne. Haka ma Maiturare, wanda ya kafa Gwadabawa. Da ɗansa Tambari ya bar gado a 1931, sarautar ta koma gidan Bello ta hannun Hassan ɗan Mu'azu.

Sarkin Musulmi Abubakar na Uku, wanda ya yi shekara 50 daga 1938 zuwa 1988, jikan Mu'azu ɗan Bello ne. Sardauna Ahmadu Bello, da ya nemi sarautar tare da shi, jikan Abubakar na Raba ne, shi ma ɗan Bello. Wanda bai san nauyin wannan lissafi ba, ya tuna 1988: da aka naɗa Ibrahim Dasuƙi, ɗan Dogondaji daga gidan Muhammadu Buhari ɗan Shehu, gidan da bai taɓa hawa ba, sai da aka yi tarzoma a Sakkwato. Gwamnatin Abacha ta tuɓe shi a 1996 ta naɗa Muhammadu Macciɗo ɗan Abubakar na Uku, da shi kuma ya rasu a haɗarin jirgi a 2006 ƙanensa Sa'ad Abubakar ya zama Sarkin Musulmi na 20. Daga shi zuwa Shehu hawa biyar ne: Abubakar, Usmanu, Mu'azu, Bello, Shehu.

Inda lissafin ya gaza shi ne wajen mata. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, ta auri Giɗaɗo ɗan Laima, kuma ta tsatsonsu aka sami Waziran Sakkwato, har zuwa Waziri Junaidu, marubucin Tarihin Fulani, da ya rasu a 1997. Ita ta tsira daga mantuwa ne saboda ta yi rubutu da hannunta. 'Yan uwanta da kishiyoyi da iyayen sarakuna da yawa sai dai a ji sunansu a bakin tsofaffi, kuma wannan rashin adalci ne ga waɗanda suka yi renon malaman.

Labarin gidan ya daɗe da ƙetare teku. Hugh Clapperton, mutumin Sikotlan, ya zo wurin Bello a 1824, Giɗaɗo ya karɓi baƙuncinsa, ya koma Landan da taswira da wani yanki na Infaƙu, aka buga fassararsa a 1826. Ya dawo, ajali ya cim masa a Sakkwato a 1827. A zamaninmu kuma Shehu Shagari, haifaffen garin Shagari a 1925, malamin makaranta kafin ya zama Turakin Sakkwato da shugaban ƙasa, ya haɗa hannu da Jean Boyd suka fitar da ɗan littafi kan jagorancin Shehu a 1978.

Gidajen malamai na Boɗinga da Sifawa da Shagari da ke da gafaka ko akwatin tsofaffin takardu, su buɗe su tun gara da damshi ba su riga su ba. A kai wa Cibiyar Tarihi ta Waziri Junaidu da ke Sakkwato ta kwafa, a kuma zauna da tsofaffin mata a rubuta sunayen iyaye mata tun suna da rai.