Daga Kafaɗa Zuwa Ƙugu: Tarihin Wandon Kwat

Mu da muke ɗinkin kwat, idan aka miƙo mana tsohon wandon Turai da aka tsinto a gwanjo, ƙugunsa muke fara juyawa ciki waje. A nan ake gane zamanin da aka ɗinka shi.

Har zuwa yaƙin duniya na farko, wandon Bature a kafaɗa yake rataye. Ana yanka shi ya haura cibiya, ta baya kuma ya ƙara tashi ya rabu gida biyu, kowane ɓangare da maɓallinsa. A nan ake maƙala igiyoyin da ke hawa kafaɗa, irin waɗanda Albert Thurston ya fara sayarwa a Landan tun wajajen 1820. Falmaran ce ke rufe su, don a lokacin abin kunya ne a gan su a fili. Har gobe ban ga yankan da ya kai wannan ba. Tunda babu abin da ke matse ciki, yadin sai ya zubo sambal har ƙafa, karin guga ya tsaya cak, mai tumbi ma ya zauna ya ci ya ƙoshi bai sassauta komai ba.

Bayan yaƙin, sojoji sun dawo gida sun saba da bel, samari kuma suka fara ajiye falmaran. Kamfanin Levi's ya sa wa wandonsa madaukan bel a 1922, amma bai cire maɓallan igiya ba sai 1937. Shi ya sa wandon wannan tsakani yakan zo da duka biyun.

Wasu kuwa ba su yarda da bel ba, domin yana raba mutum gida biyu, yana kuma tattare yadi. A 1934 Alec Simpson na Landan ya fito da wandon Daks, wanda aka zura wa roba ta cikin ƙugu ta baya, bakinta ya fito gefe da gefe ya kama maɓalli, kusan yadda zariya ke aiki a wandonmu na gida. Ta ciki ya liƙa 'yan faifan roba don kada riga ta zame. A Amurka kuma, cikin shekarun 1930 da 1940, aka yi yayin ƙugun Hollywood: babu wani ƙyalle daban da aka jona a sama, yadin ƙafa ne ke zarcewa har baki, sai a sauko da madaukan bel ƙasa kaɗan. Yana da wuyar ɗinki ƙwarai, don babu inda tela zai ɓoye kuskurensa.

Daga shekarun 1960 wando ya sauko ƙasan cibiya. Abin da ya fi damuna shi ne abin da aka rasa ta ciki. Tsoffin teloli suna sa wa ƙugu shafi mai faɗi da ke saukowa ya rufe bakin aljihu, su tsaga ɗan baki a tsakiyar baya don wando ya buɗe idan an zauna, sannan su bar rarar yadi kamar inci biyu a ɗinkin baya. Idan mai shi ya yi ƙiba, sai a farke a saki. Yawancin wandunan masana'anta na yanzu da gam ake manna cikin ƙugunsu, rarar kuma an datse ta, don haka in an kawo mana a ƙara faɗi, sai dai mu ba mai shi haƙuri.