Fashin baƙi: Yaushe ya kamata mai cinikin forex da kirifto ya haƙura bayan asara a jere?

Tudun Wada, unguwar da ke tsakanin Birnin Zariya da Sabon Gari, matattara ce ta ɗalibai da waɗanda suka gama karatu suna jiran aiki, musamman saboda kusancinta da harabar Kongo ta Jami'ar Ahmadu Bello. A cikin waɗannan matasa akwai masu cinikin kuɗaɗen waje da na kirifto ta wayar hannu, kuma ba kaɗan ba ne jarinsu ya narke. Tambayar da ke gabansu ita ce: a ƙara zuba kuɗi, ko a tattara a bar kasuwar?

Mene ne cinikin kullum?

Shi ne a sayi kadara a sayar da ita a rana guda, wani lokaci cikin mintuna, domin cin ribar ɗan motsin farashi. Kadarar na iya zama dala a kan yuro, ko zinare, ko Bitcoin. Ya bambanta da zuba jari, inda ake sayen hannun jari a ajiye shekaru. A mafi yawan manhajojin forex ma mai ciniki ba ya mallakar komai. Yarjejeniya yake ƙullawa da dillali a kan inda farashi zai nufa.

Abubuwa da dama sun tura matasa wannan hanya: yajin aikin ASUU na wata takwas a 2022, da faɗuwar darajar naira bayan sakin ta a watan Yunin 2023, da kuma guguwar haƙar kirifto ta Notcoin da Hamster Kombat a 2024, wadda ta koya wa mutane da yawa buɗe asusu a kasuwannin kirifto.

Abin da alƙaluma suka nuna

A Brazil, wasu masana tattalin arziki uku, Chague da De-Losso da Giovannetti, sun bi diddigin waɗanda suka fara cinikin kullum tsakanin 2013 da 2015. Cikin waɗanda suka daure fiye da kwana 300, kashi 97 cikin 100 asara suka yi. Kusan kashi ɗaya kacal suka samu abin da ya wuce mafi ƙarancin albashi na ƙasar. Binciken bai ga alamar cewa daɗewa a kasuwar na ƙara wa mutum ƙwarewa ba.

A Taiwan, Barber da Odean da abokan aikinsu sun gano cewa ƙasa da kashi ɗaya cikin 100 ne ke cin riba a kai a kai bayan cire kuɗin dillali. Hukumar kula da kasuwannin Tarayyar Turai ta bayyana a 2018 cewa kashi 74 zuwa 89 na asusun ƙananan masu irin wannan ciniki asara suke yi. Ma'ana, wanda ya yi wata shida yana faɗuwa ba rashin sa'a ce ta ware shi ba. Yana cikin mafi rinjaye ne.

Inda kuɗin ke zurarewa

Rami na farko shi ne rancen dillali. Mai dala 100 da aka ninka masa sau 100 yana juya dala 10,000 ne. Farashi ya juya masa baya da kashi ɗaya cikin 100, uwar kuɗin ta tafi. Saboda haka ne Turai ta kayyade ninkin a sau 30 ga manyan kuɗaɗe, alhali dillalan da ke farautar matasan Najeriya ta intanet na tallar sau ɗaruruwa.

Na biyu shi ne kamasho da tazarar farashin saye da na sayarwa, waɗanda ake biya ko an ci ko an faɗi. Na uku lissafi ne: wanda ya rasa rabin jarinsa, sai ya ninka abin da ya rage kafin ya dawo inda ya fara. Wanda ya rasa kashi 80, ribar kashi 400 yake buƙata.

Na huɗu zuciya ce. Tun 1979 Kahneman da Tversky suka nuna cewa zafin asara ya fi daɗin riba ƙarfi a ran ɗan Adam. Wannan ne ke sa mai ciniki ya yi saurin kwashe ƙaramar riba, amma ya rungume asara yana jiran ta juyo, sannan ya ƙara girman ciniki don ya rama.

Ma'aunin yanke shawara

Kuɗin da ya riga ya tafi ba hujja ba ce ta ci gaba. Abin dubawa shi ne ko akwai dalilin da zai sa gobe ta bambanta da jiya. Hanyar sani ita ce a sauke tarihin asusun gaba ɗaya, a tara duk abin da aka zuba, a cire duk abin da aka fitar, a ɗora kuɗin data da na ajin koyo da na masu sayar da sigina a Telegram. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi: wannan jimilla ita ce gaskiyar sana'ar, ba hoton ribar rana guda ba.

Akwai alamomin da idan ɗaya ta bayyana, tsayawa ya zama dole. Idan jarin ya fara fitowa daga kuɗin makaranta, ko haya, ko adashi, ko manhajar bashi. Idan mutum ya karɓi kuɗin 'yan'uwa da alƙawarin riba duk wata. Idan yana ɓoye wa iyalinsa girman asarar. Idan ya kafa wa kansa iyaka ya karya ta fiye da sau ɗaya. Idan barci da karatu da salla sun koma bin motsin allo. Waɗannan su ne irin alamomin da likitocin ƙwaƙwalwa ke dubawa wajen gane jarabar caca, kuma ganin likita a kansu ba abin kunya ba ne.

Wanda babu ɗaya daga cikinsu a tare da shi, kuma yana son ya gwada kansa, zai iya kwashe kuɗinsa ya koma asusun gwaji na wasu watanni, da rubutaccen tsari da ranar yanke hukunci. Sai dai nasara a asusun gwaji ba ta tabbatar da nasara da kuɗin gaske, don babu fargaba a cikinta.

Doka da addini

Matsayin gwamnati ya sha sauyawa. Babban Bankin Najeriya ya hana bankuna hulɗa da kirifto a Fabrairun 2021, ya janye hanin a Disambar 2023. Binance ta daina harka da naira a Maris 2024. A Maris 2025 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a sabuwar Dokar Zuba Jari, wadda ta sanya kadarorin kirifto ƙarƙashin hukumar SEC, ta kuma tanadi ɗaurin shekara 10 ga masu shirin damfara irin na MMM. Makonni kaɗan bayan haka CBEX ta rushe da kuɗin jama'a. Wanda dillalinsa ke rajista a wani tsibiri mai nisa, da wuya ya samu wurin kai ƙara idan an rufe masa asusu.

Wanda ya yi asara shi ne abincin 'yan damfara, domin su ne ke zuwa da alƙawarin dawo masa da kuɗinsa ko juya masa su da riba tabbatacciya. Babu kasuwar gaskiya da ke ba da irin wannan tabbaci.

Ta fuskar shari'a, Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗatul Alamil Islami ta yanke a Makka a 2006 cewa ciniki da rancen dillali bai halatta ba, saboda riba da haɗa bashi da ciniki da ke cikinsa. Game da kirifto kansa kuwa, malamai sun yi saɓani.

Yadda ake fita

A rufe duk cinikin da ke buɗe, a cire abin da ya rage, a goge manhajar, a fice daga zaurukan sigina. A rubuta basussuka, a tunkari masu su da gaskiya da tsarin biya, maimakon neman ciniki ɗaya da zai share komai. Wanda ya koyi lissafi da karanta rahoton tattalin arziki bai fita hannu rabbana ba, domin ilimin na da amfani a aikin akanta da nazarin bayanai da kasuwancin zahiri. Da muguwar rawa, in ji Bahaushe, gara ƙin tashi. Wanda ya riga ya tashi kuwa, har yanzu yana da damar komawa ya zauna da sauran kuɗinsa.